Mary Montagu: Uwar da ta riga likitocin Ingila amincewa da rigakafin agana

A watan Maris na 1718, a unguwar Pera da ke birnin Istanbul, wata Baturiya 'yar shekara 28 ta aika aka kira mata wata tsohuwa 'yar Girka. Tsohuwar ta iso da allura guda, aka kuma tanadi mugunyar da aka ɗebo daga ƙurjin wani mai fama da cutar agana. Aikin da aka kira ta yi shi ne ta tsaga fatar hannun ɗan wannan Baturiya, yaro lafiyayye da bai cika shekara biyar ba, ta sanya masa cutar da gangan. Mahaifin yaron, wanda shi ne jakadan Ingila a Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ba ya gari. Sai da aka gama aka rubuta masa wasiƙa.

Likitan ofishin jakadancin, Charles Maitland, ɗan Sikotilan, yana tsaye a wurin, kuma shi ne ya bar mana labarin abin da ya gani. Allurar tsohuwar dakusasshiya ce mai tsatsa, hannunta na karkarwa, yaron kuwa sai tsala ihu yake yi. Maitland ya kasa jurewa, ya ɗauko askarsa ya yi wa ɗaya hannun da kansa. Bayan kwanaki zazzaɓi ya rufe yaron, ƙuraje kimanin ɗari suka feso masa, suka bushe, ya miƙe. Har ƙarshen rayuwarsa agana ba ta kama shi ba.

Sunan matar Lady Mary Wortley Montagu. A ɗakunan karatun adabin Ingilishi an fi saninta da wasiƙunta da waƙoƙinta na zambo. A tarihin lafiya kuwa ita ce mahaifiyar da ta ɗauki shawarar da miliyoyin iyaye ke fuskanta har yau a bakin asibiti, ta ɗauke ta sau biyu, a lokacin da babu alƙaluma, babu hukumar lafiya, kuma haɗarin da ke cikin abin ya ninka na kowace allurar rigakafi ta zamaninmu nesa ba kusa ba.

An haife ta a Landan a 1689 da sunan Mary Pierrepont. Mahaifinta, Evelyn Pierrepont, babban basarake ne mai filaye da dukiya, wanda daga baya ya kai matsayin Duke na Kingston. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama. A wancan zamani ba a ɓata kuɗi wajen ilmantar da 'ya mace ko da 'yar gidan sarauta ce, don haka Mary ta riƙa sulalewa ɗakin littattafan mahaifinta da ƙamus da littafin nahawu, har ta koya wa kanta Latin, harshen da ake ɗauka na maza ne masu zuwa jami'a. Da lokacin aure ya yi, mahaifin ya zaɓa mata wani magajin sarauta daga Ireland. Ita kuwa ta daɗe tana musayar wasiƙu da Edward Wortley Montagu, ɗan majalisa wanda ya girme ta da shekara goma sha ɗaya, wanda maganar aurensu ta watse saboda shi da mahaifinta sun kasa daidaitawa kan sharuɗɗan gado. A watan Agusta na 1712 ta gudu ta aure shi ba da yardar uba ba, ba kuma tare da ko sisin gara ba. Auren bai zama abin da ta yi mafarki ba: mijin mutum ne mai sanyin mu'amala, mai maƙo, wanda siyasa da harkar ma'adinin kwal suka fi cika masa zuciya. A 1713 ta haifi ɗanta na fari, aka sa masa sunan ubansa.

A wannan shekarar ce agana ta fara shiga gidansu. Ƙanenta William, wanda take matuƙar ƙauna, ya kamu ya mutu yana ɗan shekara 20, ya bar mata da ƙananan 'ya'ya biyu. A watan Disamba na 1715 ita ma ta kwanta. Ta tashi, amma cutar ta cinye mata gashin ido baki ɗaya, ta bar mata zanzana a fuska, ita da a da ake kwatance da kyawunta a fadar Sarki George na Ɗaya.

Wanda aka haifa bayan 1980 zai yi wuya ya fahimci abin da wannan cuta take nufi. Tana shiga ta numfashi, ta yi kamar kwana goma sha biyu a ɓoye, sannan ta fito da zazzaɓi mai zafi da ciwon baya, ƙuraje su rufe jiki har cikin baki da maƙogwaro. Wadda ta fi muni takan kashe kusan mutum uku cikin goma da ta kama, kuma ƙananan yara ta fi ɗiba. Cikin waɗanda suka tsira wasu sukan makance. Ba ta san fada ba, ba ta san bukka ba: ita ta kashe Sarauniya Mary ta Biyu ta Ingila a 1694. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen ƙarni na 18 tana hallaka kimanin mutum 400,000 duk shekara a Turai. Abu ɗaya tak kowa ya sani a kanta, shi ne ba ta kama mutum sau biyu.

A 1716 aka naɗa mijin Mary jakada, aka ɗora masa aikin sasanta Turkiyya da Ostiriya da ke yaƙi. Matan jakadu da yawa sukan zauna a gida. Ita ta ɗauki ɗanta ta bi shi. Sun ratsa Holan da Jamus da Biyana, suka keta filin yaƙin Petrovaradin cikin hunturu, inda gawarwakin mutane da dawakai suke warwatse ba a binne ba. A Belgired ta yi makonni a gidan wani malami Baturke suna tattauna waƙoƙin Larabci. A Sofiya ta shiga gidan wankan mata, wurin da babu wani marubuci namiji na Turai da ya taɓa sa ƙafa, duk da tarin ƙarairayin da suka rubuta a kansa. Ta koyi Turkanci, takan kuma yi lulluɓi ta shiga kasuwa da masallatai ba a gane ta ba. Wannan damar shiga cikin mata ita ce ta kai ta ga abin da ya canja rayuwarta.

Ranar 1 ga Afrilu, 1717, daga birnin Edirne, ta rubuta wa ƙawarta Sarah Chiswell bayanin abin da ta gani. Duk shekara, idan zafi ya sauka wajen watan Satumba, iyalai sukan aika wa juna ko akwai mai son a yi wa 'ya'yansa agana. Sai a tara yara goma sha biyar ko sha shida wuri ɗaya, tsohuwa ta zo da mugunyar da aka ɗebo daga wanda cutar ta yi wa sauƙi, ta ɗan tsaga fata a wurare kaɗan, ta ɗiga abin da kan allura zai iya ɗauka, ta rufe. Yaran su ci gaba da wasansu har kwana na takwas, zazzaɓi ya kwantar da su kwana biyu ko uku, ƙuraje kaɗan su fito, su warke ba tabo a fuska. Kalmar da ta yi amfani da ita ta masu lambu ce, irin auren da ake yi wa itacen mangwaro, wato dashe. A wasiƙar ta bayyana niyyarta ta gwada wa ɗanta, ta kuma kai al'adar Ingila, tare da zargin cewa likitocin ƙasarta ba za su so abin da zai rage musu kuɗin shiga ba.

Yau an san dalilin da ya sa dashen yake aiki. Ƙwayar cutar da ta shiga ta ƙaramin rauni a fata takan tsaya wuri ɗaya na ɗan lokaci, garkuwar jiki ta samu sararin shiryawa kafin ta bazu, saɓanin wadda ta shiga ta huhu. Amma agana ce ta gaske, mai rai. Tana iya kashe wanda aka yi wa, kuma wanda aka yi wa yana iya harbin na kusa da shi da cikakkiyar cutar. Mary ta san da wannan. Shi ya sa lokacin da aka yi wa ɗanta ta ƙi yarda a yi wa jaririyar da ta haifa a watan Janairu na 1718, domin mai renon jaririyar ba ta taɓa yin agana ba. A lissafinta na uwa har da ran 'yar aikin gidanta, abin da sau da yawa ake tsallakewa idan ana ba da labarin.

Ba ita ce ta fara kai wa Ingila labarin ba. Likitoci biyu da suka yi aiki a ƙasar Turkiyya, Emanuel Timoni da Giacomo Pylarini, sun riga sun aika bayaninsa ga ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society, an kuma buga a mujallarta a 1714 da 1716. Masanan sun karanta, sun yi mamaki, sun ajiye. Al'adar kanta ta daɗe a Sin da Indiya da sassan Afirka. A Sennar ta ƙasar Sudan matafiyi James Bruce ya tarar mata suna yin abin da suke kira sayen agana. Abin da Mary ta ƙara shi ne jikin ɗanta da kuma sunanta. Sai dai ita da Maitland duka sun rubuta labarin ranar ba tare da ambaton sunan tsohuwar da ta riƙe allurar ba. Haka kuma matar da ta yi wa matan Turkiyya adalcin da marubuta maza suka hana su, ita ce ta rubuta cewa bayin da ta gani a can ba su fi barorin Turai shan wahala ba. Idonta mai kaifi ne, amma daga saman bene take kallo.

Aikin jakadancin bai yi nasara ba, aka kira mijin gida, suka koma Landan a ƙarshen 1718. Shekara biyu da rabi ba ta ce uffan a bainar jama'a ba.

A farkon 1721 annobar agana ta ɓarke a Landan, ta shiga ɗaukar maƙwabta da 'yan uwa. 'Yarta, wadda ita ma sunanta Mary, tana da shekara uku. Uwar ta aika wa Maitland, wanda a lokacin ya koma zama a Hertford. A Istanbul bai yi gardama ba. A Landan kuwa, inda sunansa da sana'arsa za su iya rushewa idan yarinyar ta mutu, sai ya fara jan ƙafa. Ya ce a jira yanayi ya gyaru, ya kuma kafa sharaɗin sai an kawo likitoci shaidu. A watan Afrilu aka yi wa yarinyar dashen, karo na farko da wani likita ya yi shi a Ingila. Manyan likitoci uku suka zo ɗaya bayan ɗaya suka duba ta tana wasa da 'yan ƙurajenta. Ɗaya daga cikin likitocin da suka gan ta, James Keith, wanda agana ta riga ta kashe masa 'ya'ya, ya koma gida ya sa aka yi wa ɗansa da ya rage.

Labari ya kai fada. Caroline, matar yarima mai jiran gado, mace ce mai son ilimi, kuma babbar 'yarta Anne ta sha da ƙyar daga agana ba da daɗewa ba. Tana son a yi wa sauran 'ya'yanta, amma ba a gwaji da jinin sarauta. Sai aka nemo waɗanda za a yi gwajin da su.

Ranar 9 ga Agusta, 1721, a kurkukun Newgate, Maitland ya yi wa fursunoni shida dashe, maza uku mata uku, dukansu an yanke musu hukuncin rataya. An yi musu alkawarin afuwar sarki idan sun yarda. Likitoci da dama suka taru suna kallo, ƙarƙashin kulawar Sir Hans Sloane, likitan fada. Duka shidan suka rayu, aka sake su a watan Satumba. Ɗaya daga cikinsu ma ashe ya taɓa yin cutar, ya samu 'yancinsa a ɓagas. Don a tabbatar kariyar ta gaske ce, aka tura ɗaya daga cikin matan, Elizabeth Harrison 'yar shekara 19, zuwa Hertford inda annoba ke ci, aka sa ta jinyar masu agana, har tana kwana gado ɗaya da wani yaro mai cutar na tsawon makonni. Ba ta kamu ba. Da aka ce ai waɗannan manya ne, ba a san yadda abin zai yi wa yara ba, sai aka juya kan marayun da ke hannun cocin St James a Westminster. Bayan su ma sun tsira, a watan Afrilu na 1722 aka yi wa gimbiyoyi biyu, Amelia da Caroline.

Littattafai da yawa suna ba da wannan a matsayin nasarar kimiyya, kuma nasarar ce. Amma mutumin da aka ba zaɓi tsakanin igiya da aska ba za a ce ya amince ba, maraya kuwa ko tambayarsa ba a yi ba. An auna rayukan talakawa don a kare na masu mulki, aka kuma rubuta hakan a jaridu ba tare da jin kunya ba. Mai karatu a Kano ba ya buƙatar dogon bayani a nan. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a birnin, 11 suka mutu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, shari'a ta ja har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. Trovan ba allurar rigakafi ba ce, amma da aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, sunansa yana bakin mutane, kuma yaran da suka shanye a shekarun da suka biyo baya ba su da hannu a ko ɗaya daga cikin rigingimun biyu. Mary ba ita ta shirya gwajin Newgate ba. Hanyarta daban ce: ta fara da nata 'ya'yan, sannan ta yi magana.

Amincewar fada ba ta kashe wutar ba, rura ta ta yi. A watan Yuli na 1722 wani malamin coci, Edmund Massey, ya hau mumbari a Holborn ya yi huɗuba cewa cuta jarrabawa ce ko horo daga Ubangiji, kuma hana ta shisshigi ne cikin ikonsa. Har ya kawo cewa Shaiɗan ne ya fara yin dashe, a jikin Annabi Ayuba. William Wagstaffe, likita a asibitin St Bartholomew, ya rubuta cewa abin mamaki ne a shigar da al'adar wasu jahilan mata na wata jahilar al'umma cikin fadar Ingila. Wato laifin dashen uku ne a wurinsa: na mata ne, na talakawa ne, kuma daga ƙasar Musulmi ya fito. Siyasa ma ta shiga. Gidan sarautar Hanover da jam'iyyar Whig suna goyon baya, don haka da yawa daga masu adawa suka fito daga ɓangaren Tory, kamar dai cutar tana duba katin jam'iyya.

Sai dai adalci ne a ce ba duk masu tsoro ne jahilai ko 'yan adawa ba. A watan da aka yi wa gimbiyoyin, ƙaramin ɗan Earl na Sunderland ya mutu bayan an yi masa dashe. Wani bara a gidan Lord Bathurst ma ya mutu bayan an yi masa dashen. A Hertford wata yarinya da Maitland ya yi wa ta harbi barorin gidansu shida, ɗaya ta mutu. Uban da ya ji waɗannan labarai ya ja da baya ba mahaukaci ba ne. Tambayar da ke gabansa mai nauyi ce: idan agana ta zo da kanta ta ɗauke yaro, ƙaddara ce, idan kai ka kira mai aska, da wane ido za ka dubi mahaifiyarsa?

Wanda ya fitar da muhawarar daga mumbari ya kai ta kan lissafi shi ne James Jurin, sakataren Royal Society. Ya yi shela a aiko masa da rahoton duk wanda aka yi wa dashe, wanda ya rayu da wanda ya mutu, ya kuma bi rajistar mace-macen Landan ta shekaru da dama. Sakamakon da ya riƙa bugawa a shekarun 1720 ya nuna cewa cikin waɗanda agana ta kama da kanta, kusan mutum ɗaya cikin bakwai ko takwas ke mutuwa, cikin waɗanda aka yi wa dashe kuwa kusan ɗaya cikin hamsin. Bai ɓoye mamatan ba, ya ƙirga su. Wannan na cikin karon farko a tarihi da aka auna wata hanyar magani da alƙaluma. A daidai wannan lokaci, a Boston ta Amurka, wani bawa ɗan Afirka da aka laƙaba wa suna Onesimus ya riga ya nuna wa ubangidansa Cotton Mather tabon dashen da aka yi masa a ƙasarsu. Da annoba ta zo a 1721, likita Zabdiel Boylston ya fara da ɗansa ɗan shekara shida. Cikin mutum kusan 5,900 da cutar ta kama a garin, 844 suka mutu. Cikin fiye da 240 da Boylston ya yi wa dashe, shida. Duk da haka sai da aka jefa bam ta tagar gidan Mather.

Ita kuwa Mary, faɗanta ya fi zafi da likitocin da suka karɓi dashen fiye da waɗanda suka ƙi shi. Tsofaffin Istanbul ƙaramar tsaga suke yi da ɗigon mugunya. Likitocin Landan suka mayar da shi babban aiki mai tsada: makonni ana zubar wa yaro da jini, ana ba shi maganin amai da na wankin ciki, ana hana shi abinci, sannan a yi masa yanka mai zurfi a cusa mugunya da yawa. A watan Satumba na 1722 ta buga maƙala a jaridar Flying Post, ta ɓoye sunanta ta fito a matsayin wani ɗan kasuwa mai fatauci a Turkiyya, domin ba a sa ran mace mai daraja ta yi jayayya a jarida. Ta zargi likitocin da cewa ƙarin gishirinsu ne ke kashe mutane, har editan sai da ya rage kaifin wasu kalmominta kafin ya buga. Shekaru arba'in bayan haka, iyalan Sutton suka koma ga ƙaramar tsaga irin ta Turkiyya, suka yi wa dubban mutane da mace-mace kaɗan ƙwarai.

Shekarun nan ta yi su tana yawo gida gida, iyaye suna roƙonta ta zo ta tsaya a kan 'ya'yansu. Takan tafi da ƙaramar 'yarta har ɗakin majinyata don mutane su gani da idonsu cewa cutar ba ta kama ta. Jikarta Lady Louisa Stuart ta ruwaito cewa an riƙa yi mata ihu a titi ana kiranta uwar da ba ta da tausayi, kuma ta sha faɗin cewa da ta san irin tsangwamar da za ta biyo baya da ba ta fara ba. Abin da ya fi ciwo a cikin gida ya faru. Shekara biyu tana roƙon ƙanwarta, Lady Gower, ta ba ta ɗanta ta kai shi gidanta a yi masa dashe. Ƙanwar ta ƙi, a 1723 agana ta kashe yaron. A 1726 ta kashe Sarah Chiswell, ƙawar da aka fara rubuta wa labarin daga Edirne.

Sauran rayuwarta ta adabi ce da rigima. Abotarta da mawaƙi Alexander Pope ta rikiɗe ta zama gaba, ya yi ta yi mata zambo a waƙoƙinsa har yana haɗa sunanta da cutar da ta yaƙa. A Faransa kuwa Voltaire ya yabe ta a littafinsa na wasiƙu kan Ingilishi, yana gorin 'yan ƙasarsa da suka ƙi dashen. Sarki Louis na 15 da kansa agana ce ta kashe shi a 1774. A 1739, tana da shekara 50, ta bar Ingila da mijinta, tana bin wani matashin marubuci ɗan Italiya, Francesco Algarotti, wanda bai damu da ita kamar yadda ta damu da shi ba. Ta zauna a Benis da Avignon da yankin Brescia, tana lambu tana karatu tana rubuta wa 'yarta wasiƙu kan ilimin 'ya'ya mata. Ba ta sake ganin mijin ba, ko da yake sun ci gaba da musayar wasiƙu har ya mutu a 1761. Ta dawo Landan a farkon 1762 da ciwon dajin mama, ta rasu ranar 21 ga Agusta na shekarar. A hanyarta ta dawowa ta damƙa wa wani malamin coci a Rotterdam kwafin wasiƙunta na Turkiyya. Iyalinta suka saye shi don kada ya fita, amma an riga an kwafe shi a ɓoye, aka buga a 1763.

A 1757 an yi wa wani maraya ɗan shekara takwas a Gloucestershire dashe irin na likitocin Ingila, da zubar da jinin da yunwar duka, wahalar da bai taɓa mantawa ba. Sunansa Edward Jenner. Ranar 14 ga Mayu, 1796, ya ɗebi ruwan ƙurjin wata cuta mai sauƙi da ake ɗauka daga nonon shanu, daga hannun wata mai tatsa, Sarah Nelmes, ya sa wa James Phipps, ɗan mai kula da lambunsa. Don ya gwada ko yaron ya samu kariya, dashen agana irin na Mary ya yi masa, bai kuwa kama ba. Hanyar Jenner ta fi aminci, domin ba ta yaɗa agana, kuma a 1840 majalisar Birtaniya ta haramta tsohon dashen. Daga wannan hanya lambar da ke damtsen iyayenmu da kakanninmu ta samo asali. Dabarar yi wa na kewaye da majinyaci rigakafi maimakon jiran a yi wa kowa, a gabashin Najeriya William Foege ya gwada ta a ƙarshen 1966 lokacin da allurai suka yi ƙaranci. Mutum na ƙarshe da cutar ta kama ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a shi ne Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin Merca ta Somaliya, a 1977, wanda daga baya ya bayyana cewa tsoron allura ne ya sa ya kauce wa rigakafin. A watan Mayu na 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa agana ta ƙare.

Yaran biyu da aka fara da su sun yi tsawon rai. Edward ya zame wa iyayensa ƙaya: ya sha gudu daga makaranta, ya ci bashi, ya yi aure-aure, ya ƙare yana yawo a Gabas ta Tsakiya cikin rawani da shigar Turkawa, ya mutu a Padua ta Italiya a 1776. A wasiyyarta uwar gini ɗaya tak ta bar masa, wato fam ɗaya da sule. Ita kuwa Mary ƙarama ta auri Earl na Bute, wanda ya zama firaministan Birtaniya watanni kaɗan kafin rasuwar surukarsa. Ta haifi 'ya'ya goma sha ɗaya, ta kai shekara 76. A hannunta littafin da mahaifiyarta ta riƙa rubuta al'amuran yau da kullum na tsawon shekaru ya rage, kuma kafin ta rasu a 1794, don gudun abin da zai iya jawo wa iyali, ta sa masa wuta.